Na Kira Su Ruwan da Ban Sha Ba

Jama'a, tun kafin in fara, wanda ya san dariya zai yi ya wuce abinsa kawai, don na gaji da dariyar mutane a kan maganar nan. Wallahi tallahi abin da zan faɗa ni ya faru da ni, ba a teburin mai shayi na ji shi ba, kuma har yanzu da nake rubuta shi zuciyata tafasa take yi. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi sunan kamfanin ba, ba don ina tsoron kowa ba, sai don akwai bayin Allah da har gobe a nan suke samun abin kai wa iyalinsu.

Abin ya kusa shekara goma. Lokacin ina aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, bayan na gama yawona a Bompai da Sharada, nan wata shida, can shekara guda, ko'ina kuma a matsayin kashuwal, wato wanda za a iya ce wa gobe kada ka zo, kuma shi ke nan an gama da kai. A wannan kamfanin shekarata bakwai a haka. Aikina a can baya yake, wajen tafkunan dagwalo. Duk ruwan da aka wanke fata da shi, da sinadarin da ke ciki, da gashi da kitse, wajenmu yake gangarowa, ya bi tafki na ɗaya, na biyu, na uku, ya faɗa na huɗu, daga nan ya fita ta ƙarƙashin katanga ya nufi fadama. A takarda, kafin ya kai na huɗu ya zama ruwa mai kyau. A zahiri kuwa, in ya taɓa maka ƙafa sai ka yi sati kana susa. Mu biyu ne a wajen, ni da Malam Ila, wani dattijo mutumin Damagaram da ya riga ni zuwa, mutum ne da zai iya yini bai yi magana goma ba.

Ni kuma Allah ya jarabce ni da son tsuntsaye. Ba kiwo ba, ba ci ba, kallo kawai. Tun ina ƙauyenmu a Jigawa nake da wannan halin, da na shigo birni kuma na ci karo da wani tsohon madubin hangen nesa a wajen 'yan gwanjo, gilashin ido ɗaya ma ya tsage, na saye shi, abin ya ƙara kama ni. Irin tsiyar da na sha a kan madubin nan, Allah kaɗai ya sani. Abokan aiki su ce, to in ka kalle su sai me, miya za su yi maka? Matata ma takan ce da tsuntsu ya iya girki da tuni an kore ta daga gidan. Ban taɓa damuwa ba.

Lokacin sanyi shi ne sallata. A nan baƙin tsuntsaye suke zuwa, waɗanda ba ka ganinsu da bazara ko damina: wasu ƙanana masu siraran ƙafafu kamar tsinken tsintsiya, da dogon baki suna caccakar laka, da wasu 'yan agwagin ruwa masu farin layi a saman ido. An ce daga bayan teku suke tasowa in ƙanƙara ta rufe ƙasarsu, su ƙetare sahara, su zo su haɗu da 'yan gida, su balbela da zalɓe da kirinjijiya. Da an sallame sallar asuba nake hawa kekena daga Dorayi, maimakon in bi titi har ƙofar kamfani sai in ratse ta burtalin da ke tsakanin gonaki, hannuna ya ƙandare don sanyi, hancina yana yoyo, in samu kamar awa guda a bakin fadama. Ƙarfe takwas ake rufe ƙofar kamfani, in ka makara ko da minti biyar ne, aikin ranar ya wuce ka. Saboda haka kullum bakwai da rabi nake tashi, komai daɗin kallo.

A can na haɗu da Baba. Wani ɗan tafki ne a lungu, bayan gonakin 'yan lambu, dogayen ciyayi sun kewaye shi, ruwan kamfanoni bai kai gare shi ba. Ranar ina tura keke sai na hangi wani tsoho zaune a bakin ruwa ya lulluɓa da tsohon bargo, ga tsuntsaye sun kewaye shi, ba goma ba, ba ashirin ba, har wasu na tsallake ƙafarsa. Ku da ba ku san tsuntsun ruwa ba ba za ku gane ba. Waɗannan fa in ka yi tari daga nesa sun tashi. Na jingine keke, na matsa a hankali, na yi sallama ƙasa-ƙasa.

Ya amsa bai juyo ba, ya ce, "Zauna, ɗana. Ka daɗe kana leƙensu daga nesa, sun san ka."

Na zauna. Wallahi ba su tashi ba. Wata 'yar ƙarama ta zo har gaban takalmina tana tsince-tsince, ina ganin ƙwayar idonta ba tare da madubi ba.

Tun daga ranar kullum sai na je. Ban taɓa tambayarsa sunansa ko ƙauyensu ba, Baba kawai nake ce masa. Ba ya dogon zance, sai dai ya nuna wasu da baki ya ce waɗancan jiya suka iso, sun bar biyu a hanya, ko ya ce waccan bara ma ta zo, da ɗingishinta. Ni kuma ina ɗauka hirar tsofaffi ce. Abu ɗaya ne ya kamata ya sa in tsaya in yi tunani. In na hango shi daga bakin burtali da idona, ga shi nan zaune. In na ɗora madubi, sai in ga tsuntsaye sun yi zobe, tsakiya babu kowa. Na gwada ya fi sau biyar, kowane lokaci in ce tsagewar gilashin ce, in ci gaba da tafiyata.

Wata safiya na riga tsuntsayen zuwa, tafkin babu ko ɗaya. Sai na ga Baba ya ciro wani ƙaramin ƙoƙo daga cikin bargo, ya ɗebi ruwan tafkin, ya yi bismillah, ya kurɓa sau uku, sannan ya kife ƙoƙon a kan ruwa ya riƙa ƙwanƙwasa bayansa da yatsu biyu, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan surukai. Ba a yi minti biyu ba na ji fukafukai ta ko'ina. Suka riƙa sauka, suka riƙa sauka, har ruwan ya rufe. Na ce, "Baba, don girman Allah ku koya mini." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya miƙo mini ƙoƙon. Kwana huɗu yana gyara mini hannu, a na biyar suka amsa mini. Jama'a, na yi kuka ranar, ba na jin kunyar faɗa.

Ya ce, "Ƙoƙon naka ne yanzu. Amma ka ji: kafin ka kife shi, ka sha. Su ba su san ruwan ƙasar nan ba, baƙi ne. Ganin ka sha shi ya sa suke sauka. Ruwan da ba za ka sha ba, kada ka kira su."

Na ce na ji, na kuma yi alkawari.

To bakina ne ya fara jawo mini. Da wa zan yi wannan farin cikin? Lokacin hutun rana na faɗa a wajen mai abinci, aka yi ta dariya, na ji haushi, ranar Lahadi na ja mutum uku zuwa wani kududdufi mai tsabta na nuna musu, dariya ta koma salati. Kafin sati ya zagayo maganar ta kai ofis.

A daidai lokacin mutanen ƙauyukan da ke bayanmu sun kai ƙara cewa ruwanmu yana ƙone musu lambu, yana kashe musu awaki, aka ce masu bincike za su zo ranar Alhamis. Sai muka ga abin da ba mu taɓa gani ba. Aka toshe hanyar da ke tsakanin tafki na uku da na huɗu, aka zuƙe na huɗun, aka jawo tiyo daga rijiyar burtsatse aka cika shi, har aka yi wa bakinsa farin fenti. Da ido ka ga ruwa garau. Amma ni da Malam Ila mun san laka ta shekara da shekaru tana nan kwance a ƙasa, kuma duk dagwalon satin yana taruwa a sauran tafkuna uku, har sun fara tumbatsa.

Ranar Talata manaja ya aiko a kira ni. Shekara bakwai mutumin nan bai san sunana ba, ranar har kujera ya nuna mini.

Ya ce, "An ce kana kiran tsuntsaye."

Na ce, "Yallaɓai, wasa ne kawai."

Ya ce, "To ina son wasan nan ranar Alhamis, a tafki na huɗu. In baƙi suka ga tsuntsu yana iyo a kai, magana ta ƙare. Kai kuma ranar Litinin ka zo ka karɓi takardarka ta ma'aikacin dindindin."

Ku ji fa yadda suke yi. Sun san inda yake yi maka ciwo, nan suke dannawa. Shekara bakwai ina roƙon takardar nan, 'ya'yana uku, kullum in na kwanta ban san ko gobe ina da aiki ba. Na ce, "Yallaɓai, in na kira su, za ku bar ruwan a haka har su tafi?" Ya dafa ƙirji ya ce har ƙarshen sanyi ba mai taɓa tafkin, wallahi kuwa ya ce. Na fito na gaya wa Malam Ila. Bai ɗago daga abin da yake yi ba, ya ce, "Ni dai ruwan nan ko alwala ba na yi da shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, na kuma yi kamar ban ji ba. Laraba ban je wajen Baba ba, don na san abin da zai ce.

Alhamis da hantsi baƙi suka zo, su shida, da takardu a hannu, wasu sun toshe hanci da hankici. Manaja ya zagaya da su, ya kauce wa tafkuna ukun nan ta bayan sito, ya kawo su na huɗu, ya ce ga wani ma'aikacinmu mai son muhalli zai nuna muku wani abu. Na tsugunna a bakin simintin. Na ɗebi ruwan da ƙoƙo. Da na kawo shi kusa da bakina sai warin nan ya bugi hancina, ɗan kaɗan ne, wanda bai san shi ba ba zai ji ba, amma ni na san shi. Na kafa ƙoƙon a leɓena, na rufe baki gam, na motsa maƙogwaro sau uku kamar ina haɗiya, na zubar. Ko ɗigo bai shiga cikina ba. Na kife ƙoƙon na fara ƙwanƙwasawa.

A raina ina addu'ar kada su zo. Wallahi ina addu'ar. Amma suka zo. Daga wajen fadama suka taso, suka tsallako katanga, inuwarsu ta rufe mu, suka riƙa sauka a ruwan nan har ba ka ganin farin fentin. Baƙi suka ruɗe, kowa ya ciro waya yana hoto, wata mata a cikinsu tana cewa masha Allah, masha Allah, manaja yana washe baki kamar shi ya ƙyanƙyashe su. Ba wanda ya ɗebi ruwa a kwalba. Ba wanda ya ce ina sauran tafkunan. Mutum shida, da karatunsu da motar ofis, tsuntsu ya gama musu aiki. Ni kuma da na ɗaga kai, can bayan katanga, a kan tudun da 'yan lambu suke bi, na hangi Baba a tsaye da bargonsa, yana kallona. Na sunkuyar da kai, da na sake ɗagowa babu shi.

Baƙi suka ci abinci suka tafi. Na ce to alhamdu lillahi, bari in kore su su koma inda suka fito. Na tafa hannu, ba su tashi ba. Na yi ihu, na buga garwa, na yi jifa, sai su ɗan yi tsalle su sake sauka. Malam Ila ya taya ni da dogon gora, a banza. Sai lokacin na tuna wani abu. Ni kira na koya, ban koyi sallama ba. Kullum bakwai da rabi nake barin Baba in ruga kada a rufe ƙofa, ban taɓa zama na ga yadda yake sallamarsu ba. Ban ma taɓa tunanin ana sallamarsu ba. Na kira baƙi, kuma suna zaune suna jiran in ce su tafi.

Juma'a da sassafe na nufi lungun Baba kamar zan karya keken. Babu shi. Na jira har bakwai da rabi ta wuce, na yi ta kira, shiru. Na isa kamfani da ƙyar kafin a rufe, na tarar da su yadda na bar su, sun takure a kan ruwa, ba sa kiwo, ba sa kuka, da na zo duk suka juyo suna kallona. Na gwada ƙwanƙwasa ƙoƙon ta kowace siga, na juya shi, na buga da sauri, na buga a hankali, ƙara matsowa ma suke yi. Na tafi ofis na ce, "Yallaɓai, tsuntsayen nan ba su tafi ba, don Allah kada a sakar musu dagwalo." Ya ce ai ya riga ya faɗa mini, in je in yi aikina.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne na san al'adar wajen. Kowa ya sani. Ranar Juma'a, in 'yan lambu da mutanen ƙauye sun tafi masallaci, babu mai gani, lokacin ake buɗe babban bututu, a saki dagwalon ya bi ta tafki na huɗu ya fita. Shekara bakwai ina ganin haka. Ga tafkuna uku sun cika har baki. Wane irin wawa ne zai yarda cewa wannan Juma'ar daban ce? Ni ne. Na yi alwala na bi mutane masallaci, don na fi son in yarda da rantsuwarsa a kan in tsaya in yi rigima in rasa takarda.

Da muka dawo tun daga ƙofa na ji warin. Na yar da dardumata na ruga. Jama'a, Allah kada ya nuna muku. Ruwan ya koma baƙi-baƙi mai shuɗi, kumfa a kai, su kuma suna nan a ciki. Wasu sun riga sun kife, ƙafafu a sama. Wasu suna buɗe baki suna rufewa babu sauti. Ga hanya a buɗe, ga sama a buɗe, ba ɗaya da ya tashi. Na faɗa cikin ruwan har gwiwa ina kwaso su ina jefawa waje, waɗanda ke da sauran rai sai su ja jiki su koma ciki. Malam Ila ne ya fizgo ni da ƙarfi, ƙafafuna sun riga sun fara saɓulewa.

Haka na shiga ofishin manaja, da dagwalo a jikina, na ɗiga masa shi a kan kafet. Na ce, "Kun rantse mini da Allah!" Karo na farko ke nan da na ɗaga wa na gaba da ni murya. Ko a jikinsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, tsuntsaye ne fa. So kake tafkuna su fashe a kan tsuntsu? Ku kwashe su a buhu ku binne kafin mutanen ƙauye su gani." Ya ci gaba da danna wayarsa.

Ni da Malam Ila muka kwashe su har la'asar sakaliya. Ba su da nauyi, ka ɗauki guda ka ji kamar ba ka ɗauki komai ba. A ƙafar wata na ga ɗan zoben ƙarfe da rubutun Turawa, wato wani a can ƙasarsu ya taɓa riƙe ta a hannu, ya sa mata alama, ya sake ta da rai. Ta ƙetare teku, ta ƙetare sahara, ta zo ta mutu a bayan kamfanin fata saboda wani ya yi kamar ya sha ruwa. Malam Ila ya ci gaba da cika buhu, kuma da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Asabar na koma lungun. Baba yana nan zaune, tafkin fayau babu ko balbela. Na yi sallama, ya amsa. Na tsaya, don bai ce in zauna ba.

Ya ce, "Ka sha?"

Na ce, "Ban sha ba, Baba."

 Sai kuma zuciya ta ɗebe ni, na fara zuba: ba ni na buɗe bututu ba, rantse mini aka yi, 'ya'ya gare ni, ku ma da kun koya mini sallama da haka ba ta faru ba, ga wanda ya yi ɓarnar can a ofis yana shan iska, ku je gare shi mana!

Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Shi ba su san shi ba, ɗana. Kai suka sani."

Na ce, "To yanzu me za ku yi mini?"

Ya ce, "Ni? Babu. Ai ba ni ka yi wa ba."

Ya miƙo hannu, na ba shi ƙoƙon. Ya tashi ya shiga cikin ciyayin nan, ina kallon bargonsa, ciyawa ko motsi ba ta yi ba, har na daina ganinsa. Na bi shi da gudu, na kutsa, laka ce har ƙugu a wajen, ba hanyar da mutum zai bi. Na fito na tambayi wani mai lambu da ke ban ruwa kusa, na ce tsohon nan da muke zama da shi, a wane ƙauye yake? Ya dube ni ya ce, "Wane tsoho? Mu dai kai muke gani da tsuntsaye, har muna cewa ko naka ne." Na hau keke ban san yadda na iso gida ba.

Litinin na je na karɓi takardar. E, na karɓa, kada wani ya ɗauka ni jarumi ne. Na ce tunda ɓarna ta riga ta faru, in rasa duka biyu? Wata huɗu na ƙara a wajen na ajiye aikin da kaina, don ba na iya kallon tafkin.

Abin ya fara ne a gida. Kajin matata, waɗanda da in na shigo suke bin ƙafata, sai na ga in na shigo tsakar gida duk sun shige bayan randa sun yi tsit. Na ce ko warin kamfani ne. Na bar kamfani, ba su sauya ba. Tattabarun da ke sauka a harabar masallacinmu, in na shigo sai su tashi gaba ɗaya, ba sa dawowa sai na fita. Na ɗauki madubi na koma fadama, na ɓuya nesa yadda ko mutum ba zai gan ni ba, da zarar na saita shi a kan tsuntsu sai ya ɗago kai ya kalle ni ta cikin gilashin, ya tashi. Kowane iri, har gwara da kanari. Na je wajen malamai, an yi mini ruƙiyya, na yi sadaka, na yi istigfari iya iyawata, wani malami ya ce waswasi ne, na ce ya biyo ni bakin masallaci ya gani, da ya gani ya ce in ci gaba da addu'a.

Shi kuwa manaja, kun san me? An ƙara masa girma. Wani direba da ke kai masa kaya gidansa a Nassarawa ya ce mini mutumin har ɗawisu yake kiwo, da tattabaru cike da ɗaki, da yamma ya zauna a kujera yana watsa musu gero suna sauka a hannunsa. A hannunsa! Ranar da na ji wannan ban iya cin abinci ba. Na san laifina, ban taɓa musu ba, amma ku gaya mini, wannan wane irin hukunci ne? Wanda ya kashe yana wasa da su, wanda ya so su ko inuwarsa ba sa son gani. Na yi fushi da shi, na yi fushi da mutum shidan nan, na yi fushi da Baba ko wane ne shi, in na gama zagayawa kuma fushin ya dawo kaina ya zauna.

Sanyin da ya wuce na ce bari in yi nisa, ko a can ba su da labari. Na shiga mota har fadamun Hadeja, inda ake cewa baƙin tsuntsaye suna taruwa fiye da ko'ina. Na sami wani masunci dattijo ya ɗauke ni a kwalekwale da sassafe. Tun daga nesa nake jin kukansu, ruwa ya yi baƙi da su iyakar ganinka, na ce yau dai ko daga nesa ne zan ƙoshi. Muna zagayo wata kwana sai kukan ya ɗauke ɗif, kamar an kashe rediyo. Duk suka juyo. Sannan suka tashi, gaba ɗaya, babu kuka, sai ƙarar fukafukai, suka yi gabas, suka bar mana ruwa fili. Masuncin ya daina tuƙi. Ya ce tun yana yaro yake shiga ruwan nan, ko bindiga aka harba wasu sukan rage. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya matsa can ƙarshen kwalekwalen, ya ce, "Malam, me ka yi musu?"

Ya juya kwalekwalen ya mayar da ni bakin ruwa, kuma ya ƙi karɓar kuɗin jirgi.

Ni ban san ko wane ne Baba ba, kada kuma wanda ya zo yana yi mini fassara, na ji iri-iri. Abin da zan ce muku kawai, ku da kuke aiki a irin wurarenmu: duk ranar da babba ya nuna muku kujera ya kira sunanku, ku tambayi kanku wa ya yarda da ku da ake so ku kawo. In kun san ba za ku sha ba, kada ku ɗaga ƙoƙon. Wanda ya sa ku zai manta kafin la'asar, amma waɗanda suka zo saboda ku, su ba sa mantawa, kuma wallahi suna gaya wa junansu.